Salak Ɗin Dankalin da Ya Ƙi Cokali

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da aka kawo lefen ƙanwata Zulai, ko da kuwa tsufa ya kwashe mini sauran ranaku duka. Har yau idan abin ya faɗo mini ina tsakar wanke-wanke, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Abin ya samo asali ne daga wani biki da na je a Kano. A gefen shinkafa aka zuba mana wani abu fari mai sanyi, dankalin turawa ne da karas da koren wake, an lulluɓe su da mayonis. Cokali ɗaya na kai baki na lumshe ido. Sai na ji kamar ina zaune bakin ruwan Tiga da sassafe, iska tana shafa mini fuska. Tun daga ranar na dawo Tudun Wada da jikina, amma hankalina yana cikin farantin nan.

Ni kuwa dama gwanar mafarkin ido biyu ce. Ina tankaɗe sai in ga kaina da farar riga ta masu girki, da shago mai labule shuɗi a bakin titi, mata daga Kiru da Bebeji suna layi suna cewa, "Ke ce mai salak ɗin nan?" Ni kuma in yi murmushi kawai, irin na manya. (A lokacin, fa, ko sau ɗaya ban taɓa haɗa shi ba. A waya kawai na kalla.)

Da aka sa ranar kawo lefe, aka ce dangin ango daga cikin birni za su zo, sai na ce lokacina ya yi. Umma ta ce waina da miyar taushe za a yi, da soyayyun kaji.

"Haba Umma," na ce, "mutanen birni za a ba waina? Ki bar mini, zan yi abin da za su koma suna labari."

Ta dube ni ta ce, "To, yi naki. Ni dai ba zan fasa jiƙa shinkafata ba."

Ana gobe za su zo na tashi da aiki. Dankali na Doguwa na sa aka kawo mini, manya masu santsin baya. Na dafa shi daidai, bai narke ba, na yanka ƙanana. Na ɗan tafasa karas da koren wake, na yayyanka kokwamba da dafaffen ƙwai da lawashi, na zuba mayonis ina juyawa a hankali kamar mai lallashin jariri. Wallahi ya yi kyau. Fari da ja da kore, sai ka ce filin fure bayan ruwan sama. Na ɗanɗana, na ji labulen shagona yana kaɗawa.

Matsalar ita ce ba mu da firji. Maƙwabciyarmu Maman Haidar, mai sayar da zoɓo da ƙanƙara, ita ke da firiza. Da la'asar na rufe babban kwanon silba na kai mata.

"Ki sa mini can ƙasa, inda ya fi sanyi."

"Anya kuwa?" in ji ta. "Nan fa ƙanƙara nake haɗawa. Ki bari in ɗora a sama, gobe da safe."

"Maman Haidar, ba ki san abincin nan ba. Iya sanyinsa iya daɗinsa. Kuma wutar nan yaushe ta taɓa kwana?"

Ta kwana. Ta kuma wuni. A unguwarmu ba a taɓa ganin irin haka ba, sai da kwanona ya shiga firiza.

Washegari baƙi suka iso bayan azahar, mota biyu, suna ta guɗa. Shugabarsu gwaggon ango ce, Hajiya Asabe, dattijuwa mai tabarau da nutsuwa. Aka buɗe akwatuna, aka yi addu'a, aka fara shigo da abinci. Na ruga na ɗauko kwanona. Sanyinsa har yana cizon hannu, sai da na naɗe shi da tawul, ina jin daɗi a raina. Ban buɗe ba. So nake a buɗe a gabansu, in ga idanunsu.

Na durƙusa na gaishe su, na ajiye shi a tsakiya, har da ture kwanon wainar Umma gefe. Sannan na yi jawabi (Allah ya yafe mini). Na ce wannan salak ne na musamman, ba a cinsa da zafi, a baki yake narkewa. Zulai tana leƙe ta labule tana yi mini alama in yi shiru, ni kuwa na ɗauka jinjina ce.

"Masha Allah, 'yata," in ji Hajiya Asabe. "Bari in fara sa albarka."

Na ɗaga murfi. Wani farin hayaƙi ya tashi. Ta kai cokali.

Ƙwal!

Ta gyara tabarau, ta sake kaiwa da ɗan ƙarfi. Cokalin ya lanƙwashe. Wata daga cikinsu ta karkata kwanon don ta taimaka, sai abin gaba ɗaya ya sulluɓo kan tire, dunƙule guda kamar ƙwarya a kife, koren wake da karas sun daskare a ciki suna kallonmu.

Hajiya ta daɗe tana dubansa, sannan ta ce cikin ladabi, "'Yata, shi wannan ci ake yi, ko tsotsa?"

Dariyar da aka yi har maza a zaure sai da suka aiko a ji ko lafiya. Na sunkuci tiren na fita. A bayan ɗaki na ɗora shi kan ruwan zafi, wai ko zan ceci wani abu. Ya narke, amma mai ya taso sama, kokwamba ta zama ruwa, dankalin kuma ya koma kamar soson wanka. Nan na zauna na yi kukana.

Umma dai ta ƙara musu waina, suka cinye tas, har suka nemi ƙunshi. Da za su tafi Hajiya ta sa aka kira ni, ta riƙe hannuna ta ce kalarsa dai ta yi kyau, in sake gwadawa ranar biki. An yi bikin lafiya, na kuma yi, ya kuma ciwu. Sai dai har yau dangin mijin Zulai ba su san sunana ba. "Yaya mai ƙanƙara" suke cewa.

Ni dai abin da na koya bai wuce guda ba: yanzu kafin in buɗe baki, sai na fara buɗe murfi.