Rasuwar Jatau, Injin Iskan Malam Hamadou na Oloumi

Da zuciya mai nauyi, cike da baƙin ciki, Malam Hamadou mai facin taya na Oloumi yana sanar da direbobin manyan motoci, 'yan taksi, masu fenti, da duk wanda ya taɓa tsayawa ƙofar rumfarsa da taya a kwance, cewa Jatau ya rasu. Jatau shi ne jan injin iskan nan da ke kusurwar dama in an shigo. Ya cika ranar Alhamis bayan la'asar, yana kan aikinsa. Shekara goma sha shida ya yi a hannun Malam. Abin da ya yi kafin nan a hannun wani Nasara, ba a sani ba, kuma ba a tambaya ba.

Malam ya je wurin liman. Liman ya ce ba a yi wa ƙarfe salla, ba a yi masa zaman makoki. Malam ya karɓa. Amma liman bai hana takarda ba, shi ya sa aka rubuta wannan aka manna a ƙofa.

Marigayin ya yi shekara goma a Damagaram, a bakin tashar mota. Da kuɗin man fetur ya buɗe a ƙasar nan, har aka ce ko gurgu ya zo Libreville zai sami aiki, Malam ya ɗauro shi a mota zuwa Kano, daga nan Duwala, daga nan jirgin ruwa. Kwana uku a kan teku Malam ya lulluɓe shi da bargonsa, shi kuwa ya zauna haka nan. Shekara shida ke nan suna unguwar Oloumi a nan Libreville.

Halinsa kowa ya sani. Bai taɓa ƙin tashi ba, sai in an ɗauke wuta. Bai bambanta tayar babbar mota mai kwasar tsakuwa zuwa tashar jiragen ruwa ta Owendo da tayar keken mai burodi ba, duk iska ɗaya yake ba su. Cimarsa mai ne kaɗan, a kan lokaci, kuma ba a taɓa zuba masa man da ba nasa ba. Duk safiyar Juma'a ana wanke masa filta. Da safe yakan ce ƙurrr, ya yi tari biyu, sannan ya kama dududududu har tankinsa ya cika. In ya cika sai ya ce tsh! ya yi shiru. A wannan shirun ne Hawaou, uwargidan Malam, mai soya kifi da ayaba a gefen rumfa, take ci gaba da zancenta daga inda ta tsaya. Shekara shida unguwa na jin labari gutsure-gutsure. Tun Alhamis kuwa ba abin da ke katse ta, kuma Malam ya ƙara jin zafin rashin.

Ciwon ajali ya fara ne da damina, in ana iya kiran wani lokaci damina a garin da ruwa ba ya gajiya. Jatau ya soma daɗewa kafin ya cika. Ya cika, ya yi shiru, kafin a kwance taya ɗaya ya sake tashi. Mai fentin mota ya zo yana ƙorafi wai iska na tofa masa ruwa a kan aiki. Malam ya sauya bel. Ya sa sabon filta. Ya zubar da tsohon mai ya zuba sabo. Ya bi tiyo da ruwan sabulu tun daga tushe har baki yana neman kumfa, ya samu wuri ɗaya, ya yanke ya ɗaure. Ya ja zoben bawul ɗin da ke sakin iska in ta yi yawa, ya ji yana aiki. An duba ko'ina, ban da wuri ɗaya.

A ƙarƙashin tankin akwai wani ɗan famfo, bai kai babban yatsa ba. Aikinsa zubar da ruwan da iska ke bari a ciki. A Damagaram sau ɗaya a shekara Malam ke buɗe shi, bayan damina, a sami abin da bai cika ludayi ba. Iskar can busasshiya ce. Da aka zo nan, Malam bai sauya al'ada ba. Shekara biyu na ƙarshe ma bai durƙusa ba, saboda gwiwa.

Bouba makanike, Bafillacen Garwa, wanda garejinsa ke kallon rumfar, ya sha faɗa. Yakan tsallako da shayinsa ya ce, “Babarbare, nan fa ba hamadarku ba ce. Iskar garin nan rabinta ruwa ne. Rigar da ka shanya jiya ta bushe? Buɗe famfon nan kullum da yamma.”

Malam yakan ce, “Je ka tatsi saniya. Na riƙe injin nan tun kana bin maraƙi.”

Tsakanin Bafillace da Babarbare akwai wasa tun kakanni, ɗaya ba ya yarda ɗaya ya fi shi sani. Bouba ya yi dariya ya koma. Washegari ya sake dawowa da maganar. Haka suka yi shekara shida.

Ranar Alhamis motoci huɗu na layi. Jatau ya cika, ya ce tsh! yadda ya saba. Amma bai yi shiru ba. Wata siririyar murya ta biyo baya daga ƙasa, ssssss, wadda Malam bai taɓa ji daga bakinsa ba. Jan ruwa ya fara feshi a kan zanen Hawaou, domin kujerarta tana jingine da tankin.

Ta ce, “Malam, abokin naka ya yi mini fitsari.”

Malam bai yi dariya ba. Ya ce, “Tashi. Kowa ya fita.”

Ya kashe wuta, ya zare waya daga bango. Ya saki iska a hankali har allurar agogon auna iska ta kwanta. Sai da ya tabbata babu sauran numfashi a ciki, sannan ya durƙusa, gwiwar ta yarda. Famfon ya toshe da tsatsa. Aka zura waya. Bokiti biyu da rabi na ruwa aka tara, ja wur kamar kunun kanwa da ya ƙone. Ya ƙwanƙwasa gindin tankin da sukundireba, sai ta shige. Ƙarfen da ya kamata ya riƙe iska kilo takwas ya koma kamar ɓawon gyaɗa. Direbobin da ke tsaye suka dubi tankin, suka dubi kujerar Hawaou.

Marigayin ya bar injin lantarkinsa da kan injin mai fistin biyu, dukansu lafiya lau. Ya bar tiyo mai tsawon taku ashirin, agogo ɗaya mai fasasshen gilashi, jak biyu da guduma. Ya bar 'yan taksin unguwar Nkembo da suke hura taya da famfon hannu tun jiya suna zufa. Ya bar Malam Hamadou.

Yanzu ga dalilin takardar nan. Abdulgani mai walda, mutumin Kano, mutumin kirki, ya zo gaisuwa da safiyar Juma'a. Ya leƙa, ya ga huda ɗaya kamar ta allura.

Ya ce, “Baba, wannan ai suma ya yi. Ba ni shi, kafin a sauko masallaci na like maka. In kuma ba ka so, akwai wani a unguwar Alibandeng yana neman tanki ido rufe.”

Wasu direbobi ma sun goya masa baya, domin sabon tanki sai jirgi ya zo, kuma aiki ba ya jira. Malam ya ce a'a. Suka ce don me, huda ɗaya? Malam ya yi ta lissafi a zuci. In ya ce tsufa ne kawai, za a ce to a like. In an like, hudar za ta toshe, ruɓaɓɓen gindin yana nan. Wata rana ba ssssss zai ce ba. Magana ɗaya zai yi, ya fashe, kuma wanda ke kusa ba zai ba da labari ba. Babu hanyar hana su sai a faɗi abin da ya ci shi da wanda ya bari. Malam ya yi wuni guda yana juya wannan. Shekararsa saba'in da ɗoriya, bai saba cewa ya yi kuskure ba, balle a rubuce, balle a ƙofar da ke kallon garejin Bouba.

To, a sani. Ba tsufa ne ya kashe Jatau ba. Ba maƙeransa ba ne, ba wutar gari ba ce. Ruwa ne ya ci shi daga ciki, kuma mai shi ne bai buɗe famfo ba. Ba a like tankin iska da tsatsa ta ci. Ba a sayar da shi, ba a ba da shi kyauta.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da hantsi, a ƙofar rumfa. Za a cire bawul da agogo, a wanke cikin tankin saboda ragowar mai. Abdulgani zai raba shi biyu ta tsawonsa, da zarto ba da wuta ba, a gaban shaidu, don kada wani ya tashe shi bayan an watse. Rabin sama zai zama kwamin ruwa na gwada tub ɗin taya, ya ci gaba da aiki a gidansu. Rabin ƙasa za a rataye shi a bakin ƙofa, cikinsa na kallon hanya. Duk mai injin iska a Oloumi ya zo ya sa yatsa, sannan ya koma gida ya durƙusa.

Hawaou za ta soya kifi. An mayar da kujerarta wancan gefen, kuma can za ta zauna ko da sabon tanki ya zo. Ba a buƙatar kuka. Masu zuwa su zo da kujerunsu.

An ajiye wa Bouba tabarma a gaba. An yarda ya faɗi abin da ke bakinsa sau ɗaya, a gaban jama'a, Malam ba zai tanka ba. Bafillacen ya yi gaskiya. Wanda bai karanta ba yau ya yi sauri, domin ranar Lahadi za a cire takardar.