Rasuwar Teku a Falon Alhaji Mahmudu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, iyalan gidan Alhaji Mahmudu mai shinkafa na unguwar Hausare, nan Garwa, suna sanar da 'yan uwa da maƙwabta da abokan arziki rasuwar Teku, wato akwatin gilashin nan mai ruwan gishiri da kifaye da ke falon Alhaji. Rai ya yi halinsa ranar Laraba bayan azahar, bayan jinyar mako uku. Ta rasu tana da shekara shida a gidan.

Kafin a ci gaba, ana roƙon duk wanda takardar nan ta shiga hannunsa, don girman Allah, kada ya ɗauki hotonta ya tura a waya. Alhaji yana Duwala. Bai sani ba.

Marigayiya ba 'yar ƙasar nan ba ce. Daga bakin teku aka kawo ta a bayan babbar mota, an naɗe ta da katifu huɗu, sai da aka cire ƙyauren falo kafin ta shiga. Tsawonta ya kai gadon mutum ɗaya. A cikinta akwai farin yashi, da duwatsu masu ramuka, da murjani mai rai. Ba murjanin da muke ɗaurawa a wuya ba, wannan yana buɗewa yana rufewa, yana kaɗa 'yan yatsunsa kamar mai kiran mutum. Akwai kifaye tara, wani shuɗi shar, wasu biyu ruwan lemo da farin ɗamara, waɗanda ko a Lagdo, inda kifi ya yi gida, ba a taɓa ganin irinsu ba.

Mai haƙuri ce, ba ta da hayaniya. Duk maganarta ba ta wuce "bul-bul-bul", sai in injin sanyinta ya tashi ta ce "zuuu". Ba ta taɓa kai ƙarar kowa ba. Tana da tsabta, har kofi gare ta a gefe inda take tara ƙazantarta ta zama kumfa, Alhaji da kansa yake zubarwa, shi da ko kofin shayinsa bai taɓa ɗaurayewa ba. Aibinta ɗaya, in har aibi ne: ba ta shan ruwan da muke sha. Nata sai an tace shi a wata na'ura. A watan zafi, lokacin da mutanen gida ke kwance a tsakar gida suna fifita, ita ce mai sanyi. In an ɗauke wuta, ita ake tayar wa gurup, wato janareta, firigon sanyaya abincin gida kuwa ya yi ta kansa.

Kowa ya san yadda Alhaji yake a kanta. Ƙanensa Bilya ya taɓa ƙwanƙwasa gilashin da zobe, don ya ga ko kifin zai juyo. Shekara uku ke nan ba su haɗu a kwano ɗaya ba.

To da tafiyar Duwala ta kama, za a yi masa aikin ido ya yi kwana arba'in, sai ya duba gidan kaf bai ga wanda zai ba makullin falo ba sai yayarsa, Adda Rabi'atu. Ita ta goye shi yana jariri. Mijinta ya rasu a garin Gidar shekara huɗu da suka wuce, 'yan uwan mijin suka raba gida, ba ta da ɗa a raye, ta dawo da akwatinta ɗaya da tabarma. Alhaji ya ba ta ɗakin da ke kusa da madafa. Ɗakin nan shi ne duk abin da take da shi a duniya, kuma ta san haka.

Ranar tafiya ya tsayar da ita gaban marigayiya, ya nuna mata wani ɗan cokali wanda bai kai na kwalli ba.

"Adda, wannan sau ɗaya a rana. Ɗaya. In ruwa ya ragu, ga jarka nan, ita kaɗai. Fitila awa takwas. Labule kada a ɗaga. Kin ji?"

"Na ji, Alhaji. Ni da na raine ka, kifi ne zai gagare ni?"

Ya manna wata takarda a bango da Faransanci, wadda har yau ba ta san abin da ta ce ba, ya tafi.

Kwana uku tana bin umarni. A na huɗu ta zuba ɗan cokalin, kifaye suka lashe kafin ta ƙifta ido, suka taru a gaban gilashi suna buɗe mata baki. Ta tsaya tana kallonsu, kunya ta kama ta. Baƙi ne, daga uwa duniya aka kawo su, ba uwa ba uba, kuma a gidan da ake dafa tukunya uku kullum a ce abincinsu ke nan? Ta ce a ranta, Mahmudu tun yana yaro akwai shi da riƙe hannu. Ta shiga madafa ta ɗauko bandar Lagdo mai kyau, wadda Berthe mai kifi ke kawo wa gidan, ta daka ta lilis, ta watsa musu tafin hannu guda. Suka ci har suna ture juna. Ranar ta yi barcin rana mai daɗi.

Daga nan labari ya zaga cewa falon Alhaji a buɗe yake. Shekara shida matan unguwa suna jin labarin Teku ba su gan ta ba. Suka yi ta zuwa, kuma wa zai zo gaida baƙo hannu rabbana? Ba za a ambaci suna a takardar makoki ba. Amma akwai wadda ta kawo ƙuliƙuli, mai haƙorin makka a hagu. Akwai wadda ta marmasa gwaiduwar ƙwai, wadda mijinta ke sayar da taya. Akwai mai kunun gyaɗa, ta ce cokali ɗaya ne kawai don albarka. Aka ɗaga labule don a gani da kyau, fitila kuma ba a ƙara kashe ta ba. Da jarkar Alhaji ta ƙare, Adda ta cika da ruwan randarta, na rijiya, mai sanyi da ƙamshin jema. Ta ce wanda ta fi so ta ba su.

Ciwon ya fara a hankali. Farin yashin ya yi ƙura-ƙura, ruwan ƙasa. Sai wani koren gashi ya tsiro a kan duwatsu, gansakuka, irin ta bakin rijiya, amma mai tsawo. Adda ta yi murna, ta ce ga shi wuri ya yi albarka kamar damina, shi Alhaji shekara shida ko tsiro bai samu ba. Cikin mako guda gashin ya kai kamu ɗaya, ya rufe gilashi, ya naɗe murjani. Wani jan yauƙi ya shimfiɗu a ƙasa yana fitar da ƙwayoyin iska. Murjani ya daina kaɗa yatsu, ya ƙanƙance, gefensa ya fara fari kamar ƙashi. Kofin kumfa ya cika ya tumbatsa, falon da ke ƙamshin turaren wuta ya koma warin bakin kogi. Muryar marigayiya ta sauya, "bul-bul" ya zama "gwar… gwar…".

Ranar da shuɗin kifin ya kwanta a gefensa, Adda ta zauna a ƙasa daɓas. A daidai lokacin waya ta yi ƙara.

"Adda, ya gida? Ya Teku?"

"Lafiya lau, Alhaji. Tana nan. Ta… ta yi ƙiba."

"Ƙiba kuma? A ɗauko min hotonta."

"Ai da idonka a ɗaure, me za ka gani? Ka bari ka warke."

Ta ajiye wayar. Tun daga ranar, in mota ta tsaya a ƙofar gida sai ta ruga ta leƙa zaure. In ta shiga ɗakinta sai ta tsaya tana kallon bango da rufi, kamar mai ban kwana.

An yi iya ƙoƙari, wannan kam a shaida. Aka kira Misye Philippe, tsohon malamin kimiyya na lise, wato sakandare, abokin Alhaji, wanda tare suke zama gaban marigayiya ran Lahadi suna shan shayi. Ya shigo, ya tsaya, ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Mon Dieu. Adda, me kuka ba ta?"

"Abinci, Misye."

"Wane iri?"

"Irin na mutane."

Ya ɗebi ruwan a 'yar kwalba, ya ɗiga magani, ya girgiza. Ya ce in ruwan lafiya yake, zai tsaya fari, in ya yi shuɗi-shuɗi, akwai ciwo. Ruwan ya yi shuɗi kamar an tsoma shi a marina. Ya kara shi da wata takarda mai launi-launi, ya ce takardar ma ba ta kai nan ba.

"Wannan sunansa fosfat. Kin san takin da ake zuba wa auduga? To shi ne a ciki. Duk abin da kifi bai cinye ba, da wanda ya ci ya fitar, da ruwan rijiya, taki ne. Kin yi wa ciyawa taki, kin ba ta rana. Gona kika yi, Adda, kuma ta yi kyau."

"To a nome ta mana!"

Aka nome. Adda da Berthe suka naɗe hannun riga suka yi ta tuge gansakuka, har bokiti biyu. Misye ya sa wani jan gari a cikin safa ya rataya a bakin famfon da ke juya ruwanta, ya ce zai tsotse takin. Ya ce a sauya ruwa, sai aka tarar gishirin Alhaji na musamman saura kaɗan. Adda ta ruga ta kawo na miya, har da manda. Bawan Allahn nan ya dafa bango, ya ce ta mayar, don Allah ta mayar. Daga ƙarshe ya ce a hana abinci, a kashe fitila, a lulluɓe ta kwana uku cikin duhu, ko ciyawar za ta mutu. Aka rufe ta da barguna da zannuwan gado. Masu leƙe ta taga suka ga an lulluɓe, suka fara salati tun ba a kai ga haka ba.

Kwana biyu Adda tana zaune a gefenta, kunne a jikin bargo, tana jin "gwar… gwar…" tana cewa Alhamdu lillahi, da sauran numfashi. A rana ta uku, ana tsakar zafi, aka ɗauke wuta. Aka je tayar da gurup, ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Kafin a samo mai gyara, la'asar ta kusa. Adda ta ce da kunnenta ta ji: marigayiya ta ce "gwar", ta ce "ƙyat", shi ke nan. Da Misye ya ɗaga bargo, ruwan ya yi fari kamar tsarin shinkafa. Ya ce ruɓaɓɓiyar ciyawa ta shanye iskar da ta rage. Ya cire hularsa.

Marigayiya ta bar kifi ɗaya, cikin masu farin ɗamara, yana jinya a wata roba a gidan Misye Philippe, ba ya ci, ba a kuma matsa masa. Ta bar katantanwa biyu, ɗaya ba a tabbatar tana da rai ba. Ta bar fitila, da injin sanyi, da gwangwanin abinci wanda ko rabi ba a ci ba. Ta bar gansakuka, tana cikin ƙoshin lafiya, har ta fara sabon tsiro. Ta bar Alhaji Mahmudu, wanda aka kwance wa ido shekaranjiya, aka ce yanzu yana ganin allura a ƙasa.

Ga yadda aka tsara.

Kifaye takwas an riga an rufe su a bayan madafa, an ɗora turmi a kai saboda kyanwa. Ba a yi salla ba, Malamin unguwa ya ce kada a kuskura. Gawar kanta tana nan a falo, ba za a taɓa ta ba sai mai ita ya gani.

Jirgin ƙasan Alhaji zai iso Ngaundare ranar Juma'a da safe, motar ajans, wato ta kamfanin sufuri, za ta sauke shi a Garwa wajen la'asar. Ana so kowa ya hallara da an sauko daga masallaci. Maza a ƙofar gida, a shimfiɗa tabarmi har bakin titi, dattawa a gaba. Bilya ya ce zai zo, a sa shi can baya. Mata a tsakar gida, da manyan mayafai. Wadda ta san hannunta ya taɓa kaiwa bakin gilashin nan, zuwanta dole ne, in ba haka ba takarda ta biyu ba za ta ji kunyar suna ba. Za a yi gumba da ƙosai. Kada wanda ya kawo kifi.

In ya sauko daga mota ya ga tabarmi, kada kowa ya yi ƙarya. Malam ya ja kunne a kan wannan. Kada kuma kowa ya yi gaggawar faɗin gaskiya. A sunkuyar da kai, a ce, "Sannu da hanya, Alhaji. Sai haƙuri." In ya ce wa ya rasu, a ƙara sunkuyawa. A bar shi ya shiga da ƙafarsa, ya duba fuskoki, ya ƙirga mutanen gidansa ɗaya bayan ɗaya. Adda Rabi'atu ba za ta kasance a tsakar gida ba. Tana ɗakinta, ƙofa a saye, takalmanta a waje.

Dattawan mata sun ce in ya ƙirga ya ga babu ita, in ya ce "Ina Adda?" da irin muryar da ake zato, to ta fito a lokacin, ta durƙusa ta faɗa masa komai da bakinta, da bandar kifin da ruwan randa da duka. Mutumin da ya ɗauka yayarsa ce aka rufe, ya gan ta tsaye, ba zai kore ta a kan kifi ba, balle a gaban jama'a.

Ita dai Adda ba ta ce tsarin bai yi ba. Tambaya ɗaya kawai ta yi.

"In kuma ya wuce ku duka, ya nufi falo fa?"

Saboda haka ta ɗaure kayanta, ƙullin yana bayan ƙofa. Léon direba ya ce motarsa ta Gidar tana tashi Asabar da ƙarfe shida na safe, ya ajiye mata kujerar gaba, bai kuma tambaye ta gidan wa za ta sauka ba.

Za a sanar da ranar addu'ar uku, da gidan da za a yi ta, bayan an ji sunan da ya fara kira.