Rasuwar Katin Zaɓen Magini

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, ni magini nake sanar da 'yan'uwa, maƙwabta da abokan aiki rasuwar katin zaɓena. Ya cika ranar Asabar da misalin ƙarfe biyu na rana, a kan teburin malaman zaɓe, a ajin farko na makarantar layinmu. Ya rasu yana da shekara goma sha tara.

Marigayin mai haƙuri ne, ba ya son hayaniya. Shekara huɗu yake yi kwance cikin leda a ƙasan akwatin uwar 'ya'yana, sai ranarsa ta zo ya fito ya sha rana a layi. Zaɓe huɗu ya yi, ba a taɓa jin ya kwana a hannun wani ba. An zo da buhun shinkafa, an zo da atamfa, ya ƙi leƙowa. Hotona da ke jikinsa ko ni ba na gane kaina, amma bai taɓa musun ni ne ba.

Ciwon ajalinsa da sunan gyara ya zo. Aka ce an kawo na'ura mai karanta yatsa, maguɗi ya ƙare. Na fi kowa murna, har wa'azi nake yi wa abokan aiki a kai. Ba wanda ya tuna da mu da muka shekara talatin muna cuɗa siminti, zanen yatsunmu ya shafe tas kamar bayan cokali. Na ɗora babban yatsa, na'ura ta ce tit-tit. Aka ce in goge a riga. Tit-tit. Malamar zaɓe ta ce, "Baba, ɗan lasa ka sake." Na lasa a gaban jama'a, da furfurata. Yatsu goma aka gwada, sannan ta miƙo mini katin da hannu biyu ta ce, "Ka yi haƙuri, ba ta san ka ba." Nan ya cika.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce ƙaddara ce. Washegari aka manna sakamako a ƙofar aji: mutum ɗari uku da sha biyu ke cikin rajista, ɗari uku da sha biyu sun kaɗa ƙuri'a. Wato marigayin ya yi zaɓe bayan rasuwarsa, alhali yana cikin aljihuna. A ƙasan takardar ga sa hannun wakilin jam'iyya, ƙanena, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya riƙe mini lema a layi. Da na tare shi sai ya ce, "Haba Yaya, ai wanda kake so ɗin muka dangwala maka. Meye na ɓacin rai?" Wallahi wannan ya fi na'urar yi mini ciwo.

Marigayin ya bar abokin zamansa, katin uwar 'ya'yana, wanda ya ce ya daina fita. Ya kuma bar 'ya'yana biyu da suka isa karɓar nasu, suna tambayata amfaninsa.

Za a yi jana'iza gobe da hantsi a ginin benen da nake aiki, bayan tashar mota. Ba a buƙatar 'yan siyasa, ba a karɓar buhu. Ƙanena na iya zuwa, ya tsaya daga baya. Za a sa marigayin a ramin ginshiƙi, a zuba kankare kwano ashirin a kai, da hannuna zan daddale. Duk mai son ya sake yi masa zaɓe, sai ya rushe benen tukuna.