Gawayin da na shafa wa mai

Wautar da na tafka a Badaguishiri, ko na so mantawa mutanen garin ba za su bar ni ba. Lokacin ina sana'ar gawayi, kuma a ganina duk kasuwar babu mai wayona (lakwal, wato makarantar boko, kam leƙa ta kawai na yi, maƙeri ma ya fi ni daɗewa a ciki, shi da ya zo gyaran ƙofa).

Wata shekara wani ma'aikaci ɗan boko, irin waɗanda muke ce wa mushe, ya zo da aikin tace ruwan rijiyoyi. Ya ce gawayi yake nema, wanda nasa ya fi kyau shi za a riƙa saye wurinsa. Ya tara mu gindin itacen bedi yana bayani: wai cikin gawayi akwai ramuka ƙanana da ido ba ya gani, su ke kama dattin ruwa. Wai ɗan tsunkule ɗaya, in an shimfiɗa cikinsa, sai ya fi tabarma faɗi nesa ba kusa ba. Na ce a raina, boko ya taɓa yaron nan.

Ni dai “kyau” na riƙe. Mu 'yan kasuwa mun san kyau: tumatir a wanke shi, jaki a goge shi. Na koma gida na ɗebi man gyaɗar Hajo, matata, na shafe gawayina har yana ƙyalli.

Ranar gwaji mushe ya jera kwalabe da ruwan shuɗi. Ya daka gawayin kowa, ya auna daidai, ya zuba, ya girgiza. Ya ce wanda ya fi shanye shuɗin shi ya fi ramuka. Na Illa, abokin gasata, gawayi ne mai toka-toka, mummuna. Har na ce masa, “Illa, wanga a juji ka tsinto shi?”

Aka jira garin gawayin ya kwanta. Kwalbar Illa ta washe. Tawa kuwa shuɗi yana nan daram, ga idanun mai suna yawo a sama kamar miyar biki.

Mushe ya sansana, ya dube ni. “Baba, mi ka sa mai?”

“Ɗan gyara ne.”

“To ka toshe ramukan duka.”

Har masu sayar da albasa sai da suka taso kallo. Illa ya samu aikin, bai ko yi mini gori ba, abin da ya fi ciwo ke nan.

Kafin in kai gida labari ya riga ni. Hajo ta aje mini tuwo da miya fara fat, ta ce, “Ci haka nan, Malam. Man yana wurin gawayi.”