Faifan da Aka Daina Amsa wa Sallama

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani tsoro da har yanzu bai sake su ba, iyalan Mai Kwafi, wanda shagonsa ke tsakanin kantin magani da rumfar mai gyaran waya, suna sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar faifansu na wasan kwamfuta, wanda a gida ake kira Mai Gari. Ya cika ranar Talata da hantsi, yana da shekara goma sha ɗaya. Ya tafi babu ƙwarzane ko ɗaya a jikinsa, fuskarsa tana sheƙi kamar ranar da aka ɓare ledarsa, kuma wannan ne ya hana kowa a gidan sukuni.

Marigayin ɗan asali ne. A babban kanti aka saye shi, cikin kwalinsa, da rasit ɗinsa, da lambarsa ta sirri manne a bayan murfi. Mai Kwafi, mutumin da ke yini yana juya takarda ɗaya ta koma ɗari, ya rantse kayan jabu ba zai shiga shagonsa ba, don shi ba ya cin gumin wani. Maƙwabcinsa mai gyaran waya ya yi masa dariya har da riƙe ciki, ya nuna masa irin wasan a faifan da aka rubuta wa suna da alƙalami. Mai Kwafi bai ko kalla ba.

Duk wanda ya zauna da marigayin zai shaide shi da ladabi. In an sa shi a kwamfuta sai ya yi gyaran murya, zuuu, kirrr, tik, sannan ya tsaya. Ba ya buɗe wasan sai ya aika sallama ta intanet zuwa gidan kamfanin da ya yi shi, can wata uwa duniya, an amsa masa daga can. Mai Kwafi yakan ce wannan ita ce tarbiyya, yaran yanzu su zo su koya. Haka kuma marigayin bai taɓa yarda a kwafe shi ba. Sau ɗaya maigidansa ya gwada yi masa na ajiya saboda tsaro, ya ƙi ƙememe, Mai Kwafi ya ji kunya ya kira abin kamun kai. Mai gyaran waya dai ya ce shi akuya yake gani a ɗaure, kuma igiyar ba a hannun Mai Kwafi take ba. An ɗauki maganarsa a matsayin hassada.

Wasan na gina gari ne, kuma ba don kansa Mai Kwafi ya saya ba, don yayansa ne. Yaya magini ne. Shekara talatin yana ɗora wa mutane bene, shi kuwa gidan haya bakwai ya zauna, a na bakwan ya ƙare, ɗaki biyu da banɗakin tarayya. Kullum bayan la'asar yakan shigo shagon da ƙurar siminti a wando, ya ratsa bayan injin kwafi, ya zauna gaban tsohuwar kwamfutar da ke lungu. Shekara shida yana ginin garin nan, kuma bai taɓa yin aikin ganin ido ba. Sai ya ja magudanar ruwa kafin ya yanka titi, ko da yake ƙaninsa ya sha gaya masa ruwan cikin kwamfuta ba ya cin gida. Ya sa wa babban titi sunan Inna mahaifiyarsu, ya ba matarsa kasuwa guda, ya ba Mai Kwafi wani ɗan lungu da ko keke ba ya juyawa a ciki, wai daidai girman shagonsa. A bakin kogi kuma ya gina wa 'yarsa Auta gida mai shuɗiyar ƙofa. Yakan miƙe ƙafa ya ce nan dai ƙasarsa ce, babu mai gidan da zai buga masa ƙofa.

Shekara biyar ke nan da Allah ya karɓi Yaya. Ya bar katangar gidan Auta saura layi biyu na bulo, kuma Mai Kwafi bai ƙara ko ɗaya ba. Auta ta girma, tana aiki a ɗakin awon jini na wani asibiti, amma duk Asabar takan biyo ta shagon, ta gaida Baffanta, ta ja kujerar ubanta. Ba ta taɓa komai. Takan dai bi titin Inna har bakin kogi, ta tsaya a ƙofarta, ta daɗe tana kallo, sannan ta tashi. Saboda wannan Asabar ɗin ne Mai Kwafi ke goge marigayin da gefen rigarsa mafi laushi.

Cutar ta shigo ne a hankali. Da farko amsar sallamar ce ta fara jinkiri, minti ɗaya, sannan biyar, wata ƴar da'ira tana ta juyi a fuskar kwamfuta. Sai wani saƙo mai ƙananan haruffa ya riƙa fitowa. A nan dole a faɗi gaskiya ko da a kan mai makoki ne: Mai Kwafi ba ya karanta takarda. Ba jahilci ba ne, amanar sana'a ce. Shekara ashirin takardun kotu da sakamakon asibiti da wasiƙun rabuwar aure suna ratsa hannunsa, ya horar da idonsa ya tsaya a gefen takarda, ya ga ko ta miƙe, kada ya sauka kan rubutu. Har alfahari yake da haka. To, da wannan idon ya dubi saƙon, ya ga ya miƙe sarai, ya danna inda ake yarda, yadda ya danna tun ranar farko.

Ranar Talata marigayin ya yi gyaran murya yadda ya saba, zuuu, kirrr, tik. Ya yi sallama, shiru. Ya sake, shiru. Ya yi ta uku, kamar yadda aka koya wa kowane ɗa na gari, da ba a amsa ba sai ya juya. Da'irar ta tsaya. Injin kwafi yana ta aikinsa, mutane suna wucewa a titi, amma Mai Kwafi ya tsorata ƙwarai.

An kira mai gyaran waya, ya zo bai yi dariya ba. Ya duba ya ce faifan lafiyarsa lau, garin ma yana nan cikin kwamfuta, ko bulo ɗaya bai ɓata ba. Makullin ne ke gidan kamfani, wani kamfanin kuma ya saye su, ya kashe injin da ke amsa sallama, don tsofaffin faya-fayai ba sa kawo masa komai. Ya ɗauko nasa na jabun, wanda bai san sallama ba balle ya jira amsa. Nan take ya buɗe, sai dai bai san Yaya ba, domin garin a ɗaure yake da lambar marigayin. Abin da ya nuna musu fili ne fetal, da kogi, babu ko bukka a bakinsa.

Da kowa ya watse, Mai Kwafi ya zaro ƴar takardar da ta shekara goma sha ɗaya a ninke cikin kwali. Ya ɗora ta kan injinsa, ya ƙara girman rubutun ninki huɗu, ya karya ƙa'idarsa. Takardar ta ce robar kawai ya saya. Abin da ke ciki izinin amfani aka ba shi, kuma masu shi suna iya janyewa ranar da suka ga dama, ya kuma yarda da haka. Ya zauna jagwab. Bai lura ba ashe injin yana kan kwafi hamsin tun aikin safe, ya yi ta tofo takardar har ta zubo ƙasa.

Washegari Auta ta zo, don Baffanta ya kasa faɗa mata a waya. Ta karanta a tsaye, ta kai ƙarshe, ta koma farko. Sannan ta dubi kujerar lungu ta ce, "Baffa, ashe nan ma haya yake."

Marigayin ya bar kwali ɗaya, da rasit da bai tsinana masa komai ba, da ƴan uwa uku a kan kanta, duka wasanni ne masu irin ladabinsa, ɗaya har an fara jinkirin amsa masa. Ya bar faifan waƙe-waƙe tara na matar Mai Kwafi, waɗanda tun asali ba sa yarda a juye su a waya, biyu kuma sun daina magana a mota. Ya bar ɗan uwansa na jabu cikin ƙoshin lafiya, abin da ya fi komai ci wa iyalan rai. Masu irin waɗannan kaya a gida su sani ciwon a jini yake, kuma ba ya nuna alama a fuska. Gemun ɗan uwanku ya kama wuta, ku shafa wa naku ruwa, in akwai ruwan da zai yi.

Za a yi bankwana da shi ranar Asabar bayan la'asar, a shagon. An tambayi liman, ya ce roba ba ta da salla, kuma gaskiyarsa. Za a mayar da marigayin kwalinsa, a sa shi a aljihun teburi na ƙasa, kusa da cokalin ginin Yaya. Duk wanda ya zo za a ba shi ɗaya daga takardun nan hamsin kyauta, kuma Mai Kwafi na roƙon a karanta kafin a ninke. Ana roƙon masu ta'aziyya su yi sallama da ƙarfi, za a amsa tun a ta farko. Kwamfutar ba za a sayar ba, ba za a goge ta ba, kujerar ma tana nan inda take.

Auta ce za ta rufe aljihun teburin. Ta ce kada a yi jawabi, sai dai in akwai wanda ya san hanyar gidan masu makullin, ya kai musu saƙo ɗaya: gida bakwai ubanta ya tashi, kuma ko mafi mugunta cikin masu gidajen ya ba shi yini guda ya kwashe kayansa.