Wasiyyar da ke Jikin Singileti

Ba zan taɓa mantawa da ranar da kamfaninmu ya kai mu kallon namun dajin Afirka a nan Dubai ba. Amma laifin ya girmi ranar da shekara biyu.

Satin da na kama aiki a sitonmu na Al Warsan, oga, wani Ba'indiye mai saurin magana, ya yi mini tambaya da Turanci. Ban gane ba. Ni kuwa ƙa'idata ba na ce wa oga a'a, sai na gyaɗa kai. Daga baya Ishaku, mutumin Zonkwa da muke ɗaki ɗaya, ya ce, "Ɗan'uwa, ka san me ka amsa? Cewa ya yi ko kun saba da zaki a garinku." (A Fagge aka haife ni. Babbar dabbar da na taɓa mu'amala da ita ragon layya ne, shi ma tunkuyina ya yi.)

Tun daga nan kowa a sito Mai Zaki yake kira na. Abin ya tsaya mini a rai. Har malami na tambaya ko gyaɗa kai ƙarya ce, ya ce in je in gyara. Kullum sai in ce gobe, don ina tsoron oga ya ce wanda ya yi ƙaryar zaki zai yi ta kaya.

Ranar tafiya na sa kaftanina na Juma'a. A motar zagaya dajin oga ya ce, "Yalla, mu je, Mai Zaki a gaba." Muka iske zaki a ƙarƙashin bishiya. Matar oga ta tambaye ni me yake yi. Na duba da kyau na ce barci. Ishaku ya fassara, fassarar ta kai minti biyu, aka tafa mini.

A wurin ba raƙumin dawa ganye aka sauke mu. Ina miƙa reshe sai na ji wani abu ya faɗa ta wuyan rigata, yana gangarawa bayana da ƙafafu da yawa. Zuciyata ta ce kunama. Na tsaya na yi salati, abin bai tsaya ba. Sai na tuɓe kaftanin gaba ɗaya, a gaban oga, da matarsa, da duk ma'aikatan sito.

Wani ƙwaro ya faɗo. Bai kai ƙwayar wake ba. Matar oga ta ɗauke shi a kan ganye ta mayar da shi cikin ciyawa.

Da a nan aka tsaya da sauƙi. Amma da safe na yi lissafi cewa katin shaida na iya faɗuwa, zaki kuwa ba ya cin tsumma, don haka na yi rubutu da alƙalamin maka a bayan singiletina. (Da Hausa na rubuta. Wanda zai karanta bai zo mini a rai ba.)

"Tsaya, Malam, kar ka motsa," in ji Ishaku. Ya karanta da ƙarfi: "Ni Musulmi ne. Idan an tsinci wannan riga a kira Yaya Hadiza. Kada a gaya wa Inna zaki ne, a ce zazzaɓi."

Wannan karon fassararsa ba ƙari ba ragi.

Da dariya ta lafa, ina rungume da kaftanina na ce wa Ishaku ya gaya wa oga ban taɓa ganin zaki ba sai yau, in zai kore ni ya kore ni. Oga ya share hawaye ya ce ai ya sani, sau uku yana zuwa Kano sayen riɗi, ko kura bai gani ba. Yana so ne ya ga ranar da zan faɗa.

Ban rasa aikina ba. Na dai koyi cewa idan ba ka gane tambaya ba, ka riƙe wuyanka. Wasiyya kuma a takarda ake rubuta ta, a ajiye a gida.