Baturiyar Kan Gwangwanin Alawa

Ba zan taɓa mantawa da abin da wata Baturiya ta jawo mini ba, alhali ko motsi ba ta yi. Zanenta ne a murfin gwangwanin alawa da Babana ya kawo daga Jidda, lokacin muna zaune a unguwar Tandabawi ta Makka, ina budurwa. Ya ce matar wani basarake ce a Turai. Fuska fara fat, gashi a tsaye, ƙugu irin na zanzaro, buje kuwa ya buɗe kamar rumfa. Ga wani kallon raini da take yi wa duniya. Kallon nan ne ya tafi da ni.

Sai ga bikin 'yar maƙwabtanmu. Inna ta ja ni gefe: "Hajiya Rabi za ta zo. Mata take nema wa ɗanta, kuma ke take son gani. Ki nutsu." (Ɗan nan kuwa, wallahi ina son sa.)

Ga irin nutsuwar da na yi: na fasa gindin kwandon dabino, na ɗaura a ƙugu, na rufa zane uku a kai. Fuska na dambara mata garin shinkafa. Na bari Inna ta yi gaba, sannan na shiga gidan biki ina kallon 'yan matan unguwa sheƙeƙe, wai su ƙauyawa ne. Ni fa! 'Yar mai tsire!

Zafin Makka ba ruwansa da sarauta. Kafin in gama gaisuwa garin ya zama ƙullu, yana tsiyaya ta haɓa.

Hajiya Rabi ta dafa tabarma kusa da ita. "Zo ki zauna nan, ya binti."

Ban taɓa lura cewa waccan matar a tsaye aka zana ta ba. Ina kaiwa ƙasa kwandon ya yi sama har wuyana, zannuwan suka bi shi. Ga wandona mai faci a gwiwa, kowa ya gani.

"Ya Sattar!" in ji Hajiya. "Yarinya kuka kawo mana, ko kaza aka kife?"

Mata suka yi ta dariya har da hawaye. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fice ba sallama.

Ɗan Hajiya dai ɗaya daga cikin ƙauyawan nan nawa ya aura. Na yi kuka na ƙoshi. Tun daga ranar, duk kayan da zan fita da su, sai na kulle ƙofa na gwada zama da su tukuna.